Hular Maza, Allurar Mata

Ranar Juma'a in an idar da salla, jama'a sun fara tuɗaɗowa daga masallaci, wanda ya san hula yana iya tsayawa gefe ya yi ta lissafi: wannan Zanna ce, waccan ƙube, ga damanga, ga 'yar Bama tana ɗaukar ido. In ka cire dara, wadda ba ɗinka ta ake yi ba, da 'yan fararen nan na inji, yawancin sauran sun yi makonni a cinyar wata mace kafin su hau kan masu su. Mai hular bai san ta ba. Sau da yawa ma wanda ya sayar masa bai taɓa ganin ta ba.

Hula ba ta farawa a hannun mai ɗinki. Farin yadi ake yankawa gida biyu, dogon ƙyalle na jiki da ɗan da'ira na kai, a kai wa mai zane. Shi ne zai zauna da biro ya fitar da gidaje da layuka, kuma a hannunsa yayi yake: in wani babban ɗan siyasa ya fito da sabon zane, kafin wata ya kama an cika kasuwa da irinsa. Tun da can haka abin yake. Ita kanta Zanna Bukar ana danganta sunanta da Zanna Bukar Dipcharima, ɗan Barno da ya yi minista a jamhuriya ta farko.

Daga mai zane sai cikin gida, kuma a nan ne ainihin aikin yake. Mai ɗinki za ta zaɓi zare kala-kala, ta sa a allura, ta bi zanen gida-gida, tana soka tana ja har farin yadin ya ɓace. Dole jan zaren ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe. In ta ja da ƙarfi yadin ya tattare, in ta sassauta ɗinkin ya yi burtsatse, wanki ɗaya ya tona mata asiri. Shi ya sa gwanaye ba sa son ba wa wata aron hularsu ta taya su, ko da 'yar'uwa ce ciki ɗaya, domin hannu biyu ba ya ɓuya a jikin hula. Masu saye na ƙwarai sun san wannan. Ba gaban hula suke fara dubawa ba, juya ta suke yi su ga cikinta, inda ƙulli da tsallaken zare suke.

Lokacin ɗinkin kuwa tsintarsa ake yi. Da hantsi bayan yara sun tafi makaranta, tsakanin azahar da la'asar kafin a ɗora sanwa, da dare kuma in an kawo wuta, in ba a kawo ba a jingina tocilan waya da filo. Hula mai sauƙin zane kan ci mako biyu ko uku, mai cikakken aiki kuma ta haura wata. Ido ne yake biya, sai wuya da gadon baya. Da wuya ka ga wadda ta daɗe a sana'ar ba ta nisanta allura da fuska in za ta zura zare, ko ta kira jika ta zura mata.

Me ya sa mata suka rungume ta? Ba ta buƙatar shago, ba ta buƙatar fita, jarinta bai wuce yadi da zare ba. Matar da take cikin kulle tana iya yi, budurwa ma tana iya yi tana tara na kayan ɗaki, kuɗin kuma ya shiga adashe. Ƙarfin wannan sana'a ya fito fili bayan Boko Haram sun kama garin Bama a watan Satumba na 2014. Mutanen da suka tsere zuwa Maiduguri sun bar gona da shago da dabbobi, amma ɗinkin hula yana hannunsu, maza da mata. A sansanoni irin su Dalori da yawa da shi suka riƙa samun na cefane, dillalai suna zuwa suna saye.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Yawancin masu ɗinki ba hularsu suke ɗinkawa ba. Wani mai jari ne yake raba yadi da zare gida-gida ta hannun dillaliya ko yaro, in an gama a biya ladan aiki kawai. Hular ta wuce wurin mai haɗa kai da jiki, daga nan sai masu wankin hula, su wanke da sabulu da burushi, su sa sitaci, su ɗora ta a kan gwangwani ko itacen da aka sassaƙa daidai kai, ta bushe, a buge ta, a goge, a fitar mata da kari. Kafin ta isa Kasuwar Kurmi a Kano ko Monday Market a Maiduguri ta bi hannu biyar ko shida, kowa da rabonsa. Wadda ta fi kowa daɗewa da ita a hannu, in aka raba ladanta a kan kwanakin da ta yi, ita ce mai ƙaramin rabo. Ni dai ban ga adalci a nan ba, ko da yake mai jari ma yana da nasa uzurin: tun da darajar naira ta faɗi a 2023 zaren da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo, ga hular inji tana karya farashi.

Hular injin ba abar raini ba ce. Ta rufa wa talaka asiri, yara ma sun samu ta zuwa Idi. Amma ango da abokansa, da mai sarauta, da ɗan takara, har yanzu ta hannu suke nema, kuma ana shiga Sha'aban ake fara rububin masu ɗinki saboda Sallah. Wanda ya kai aikinsa tsakiyar azumi sai dai ya sa tsohuwa.

'Yan matan yanzu sun fara gano wata hanya. Maimakon jiran mai jari, sai su haɗa kuɗi su sayi yadi da zare da kansu, su biya mai zane, su ɗauki hoton hular su sa a WhatsApp ko Instagram, mai so ya turo kuɗi ta waya, a ba direban mota ya kai masa Kaduna ko Abuja. Ribar ta fi, amma jarin yana kwanciya har hular ta fita, kuma ba kowace ce za ta iya jiran wata guda babu ko sisi ba. Wadda tukunyarta ke jiran kuɗin yau, in yaron mai jari ya yi sallama da sabon yadi, karɓa take yi.