Ku ci zogale, amma kada ku cuɗa shi da man kemis ku shafa a fuska

Kwanakin nan wani saƙon murya yana ta yawo a wayoyin mata daga Kunduru har cikin Kankiya da Kusada. Zauren biki ya tura wa na Islamiyya, na Islamiyya ya tura wa na 'yan adashi. Mai maganar ba ta faɗi sunanta ba, ba ta ce ga inda ta yi karatu ba, amma tana zuba bayani babu ko tantama. Batunta fuskar da ke yin ja tana zafi da raɗaɗi, ƙananan ƙuraje suna fesowa a kumatu da hanci. Ta ce dattin jini ne, ta ce ana ɗauka ta tawul da hoda, ta ce a dage da cin zogale da rama da alayyahu. Daga ƙarshe ta ce a daka ɗanyen zogale a cuɗa da man kemis ɗin nan da ake kira mai aiki uku, a riƙa shafawa safe da dare, kuma idan an tsaya fuska ta ƙara rikicewa, wai datti ne bai gama fita ba, a ci gaba.

Ciwon da take kwatantawa yana nan, likitocin fata na kiransa rozeshiya. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai dai mutum ya ji fuskarsa tana hucin zafi, wurin ya yi duhu, wani lokaci har ido ya riƙa yi kamar an zuba masa yashi. Ba a ɗaukarsa daga kowa, don haka a daina ware wa baiwar Allah tawul. Dattin jini kuwa ba shi ne sanadi ba.

Maganar ganye tana da ƙamshin gaskiya. Zogale da rama da alayyahu da yakuwa da tafasa abinci ne masu amfani ga jini da ido da hanji, kuma ba wanda zai hana a ci. Amma babu wani gwajin likitanci da ya tabbatar cewa cin ganye yana warkar da wannan ciwo. Abin da aka fi sani shi ne abubuwan da ke tayar da shi. Wata ƙungiyar masu kula da ciwon a Amurka ta tambayi mutum fiye da 1,000 da ke fama da shi: kashi 81 cikin ɗari suka ce rana ce ke tayar musu, kashi 45 suka ce abinci mai yaji. To mu yaya muke cin zogalen? Kwaɗo ne da ƙuli-ƙuli da barkono kamar a yi kuka. Wadda ta ga fuskarta tana ɗaukar zafi bayan kwaɗo, ta rage barkonon ta ci ganyenta, ta bar shayi ya ɗan huce, ta nemi inuwa da tsakar rana.

Inda saƙon nan ya zama cuta shi ne maganar man. Ki ɗauki bututun ki karanta ƙananan rubutun da ke jikinsa. Za ki ga Betamethasone ko Clobetasol, sinadarai masu ƙarfi na kwantar da kumburi, waɗanda aka yi domin wasu cututtukan fata, na 'yan kwanaki, bisa umarnin likita, kuma galibi ba don fuska ba. Aikinsu matse ƙananan jijiyoyin jini da danne kumburi. Shi ya sa cikin kwanaki kaɗan jan ya lafa, ƙuraje su kwanta, fuska ta yi haske, a ce kai, zogale ya yi aiki. Ba zogalen ba ne.

Idan aka ɗauki makonni ana shafawa, fatar fuska sai ta yi siriri, jijiyoyi su fito a fili, wani lokaci gashi ya tsiro, ƙuraje su dawo fiye da da. Ranar da aka tsaya kuwa, jijiyoyin da aka daɗe ana matsewa su buɗe gaba ɗaya, fuska ta ɗauki wuta. Wannan shi ne abin da mai saƙon ke kira fitar datti. Ba datti ba ne, fata ce ta saba da maganin ta kasa zama babu shi. Man nan da kansa yana haifar da irin wannan ciwon ga wadda ba ta taɓa yin sa ba, kuma likitocin fata sun daɗe da sanin haka. Gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

Ban ga laifin matan da suka yarda ba. Fuska ba a ɓoye ta, magana a gidan biki tana da ciwo, kemis yana bakin hanya, likitan fata kuwa sai an yi tafiya zuwa Katsina ko Kano. Kuma sun ga sauƙi da idonsu a makon farko, wa zai ce musu ƙarya ne? Laifin na wadda ta zauna ta naɗi murya ne a kan abin da ba ta sani ba, da masu turawa suna cewa a yaɗa don Allah. Neman lada ba ya halatta a lalata wa mutane fuska. Irin waɗannan sinadarai ne ma masu haɗa man bilicin ke zubawa a ɓoye, kuma bilicin ɗin ne matsalar da hukumar NAFDAC ta kira larurar gaggawa ta ƙasa a 2023. Masu zuba man a cikin man kaɗanya suna shafa wa jarirai kuwa, abin nasu ya fi muni, domin fatar jariri tana zuƙe maganin zuwa cikin jiki.

Wadda ta daɗe tana shafawa ta ɗauki bututun ta tafi da shi babban asibitin Kankiya ta nuna, domin wani lokaci sai an janye maganin a hankali, kuma fuskar za ta ɗan rikice na wasu makonni kafin ta daidaita. Idan abin ya fi ƙarfin likitocin wurin za su tura ta asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina ko na Malam Aminu Kano. Akwai magungunan shafawa da na sha da ke danne rozeshiya sosai, ko da yake ba sa raba mutum da ita har abada. Mai juna biyu ta faɗa tun farko, saboda akwai ƙwayar da ba a ba ta. Idan kuma jan kumatu ya zo da ciwon gaɓoɓi, zazzaɓi ko zubewar gashi, wannan yana iya zama wata cuta daban da ke buƙatar gwajin jini, kada a jira.

'Yan uwa, duk wadda saƙon nan ya iso wayarta, ta goge shi, kuma ta kira wadda ta turo mata ta tambaye ta ko ta riga ta fara shafawa.