Gargaɗi ga masu sola a Madawa, Buza da Keita

Jama'ar Madawa, Buza da Keita, musamman masu garkar albasa a kwarin Tarka, masu shagon cajin waya da masu kula da firijin riga-kafi a gidajen likita, ku je yau ku duba makatsin wutar da aka ɗaura muku tsakanin allunan sola da batir. Idan ba a rubuta DC a jikinsa ba, kuna kwana da gobara a ɗaka.

Tun da Najeriya ta katse wa Nijar lantarki a watan Agusta 2023, mutane da dama suka koma ga sola, amma wasu masu haɗawa suna ɗaura makatsin wutar gari don ya fi arha. Wutar NIGELEC, wato AC, kai da komowa take yi sau 50 a daƙiƙa, don haka tartsatsin da ya tashi idan an katse ta yakan mutu da kansa. Ta sola da batir, wato DC, gefe guda take bi, ba ta dakatawa. Ka katse ta da makatsin AC, tartsatsin sai ya tsaya cak kamar wutar walda, ya narka robar, ya kama katako ko zana.

Kada a ruɗe ku da cewa “ai bolt 12 ne kawai”. Batir ɗaya, idan wayoyinsa biyu suka haɗu, yana iya sakin ɗaruruwan amfiya, waya ta yi ja nan take. Allunan famfon garka kuwa, da ake jerawa ɗaya bayan ɗaya, sukan haura bolt 300 da rana tsaka. Wannan wutar tana kisa.

Ku sa ƙwararre ya ɗaura makatsin DC wanda ƙarfin da aka rubuta masa ya wuce na allunanku, ya kuma sa fis dab da kan batir mai alamar +. Wasu makatsan suna da gefen + da na −. In aka juya su, kashewar ma ita ke tada wutar. In za a yi gyara, a kashe famfo ko inbata tukuna, sannan a katse allunan, batir ya zo ƙarshe. Wajen kunnawa batir ne farko. Kada kowa ya zare mahaɗin wayar allo yayin da famfo ke jan ruwa, kuma kada makatsi ya zauna a saman batir mai ruwa, domin iskar da yake fitarwa wajen caji tana kamawa da ɗan tartsatsi.

Idan kun ji ƙaurin roba ko kun ga makatsi ya yi baƙi, ku fitar da yara, ku kira mai gyara. In wuta ta riga ta kama, kada ku zuba ruwa, allunan suna ba da wuta muddin akwai rana. Ku watsa busasshen rairayi daga nesa, ku kira masu kashe gobara a lamba 18.