Titi Na Jiha, Tasha Ta Ƙaramar Hukuma

BAUCHI — Direban da ya ɗauko kayan gwari zuwa kasuwar Muda Lawal yana ratsa ikon hukumomi biyu. A kan titi, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, BAROTA, ce ke da ta cewa. Da ya shiga tasha kuwa, iko ya koma ga ƙaramar hukumar Bauchi, domin tsarin mulkin 1999 ya danƙa wa ƙananan hukumomi tashoshin mota da kasuwanni, kuma doka ta 21 ta 1998 ta ba su kuɗin tasha. Duk inda wannan iyaka ta ɓace, direba kan biya sau biyu, ya fanshe a kan mai kaya. Saboda haka ɗan kasuwa ya duba sunan hukumar da ke kan rasit kafin ya biya.