Ruwan zinari a zayyanar Alƙur'ani: me ake sa wa a madadinsa?

Masu zayyanar Alƙur'ani da allon sauka a birnin Sakkwato da sauran garuruwan arewacin Najeriya sun daɗe da rungumar fentin zamani mai sheƙin zinari da azurfa. Matsalar ita ce ba kullum ake samun irin wanda mutum ya fara aiki da shi ba.

Rubuta Alƙur'ani da hannu aiki ne na watanni. Izu sittin ne, kowane izu kuma an kasa shi sumuni takwas, wato wurare 480 ke nan da marubuci zai iya sa musu alama a gefen shafi, ban da wuraren sujada da kawunan surori. Idan kwalba ta ƙare a tsakiyar aiki, ko zafin bazara ya busar da ita, sai a koma kasuwa, inda sau da yawa akan tarar da fentin wani kamfani dabam. Sunan launin ɗaya ne, amma a kan takarda wannan ya karkata ga ja, wancan ga tsanwa.

Magabata ba su san wannan damuwa ba, domin zinari bai cika shiga littattafan Afirka ta Yamma ba, saɓanin ƙasashen Larabawa da Farisa da Turkiyya. A can akan niƙa ganyen zinari da zuma, a wanke, a kwaɓa da ƙaro, sannan a goge shi bayan ya bushe har ya yi ƙyalli. Shahararren Shuɗin Alƙur'ani, wanda aka adana mafi yawansa a Ƙairawan ta Tunisiya, da zinari aka rubuta shi a kan fatar da aka rina da baba, fiye da shekaru dubu da suka wuce.

A Daular Usmaniyya kuwa, rawaya ce ta tsaya a matsayin zinari. Wanda ya duba tsofaffin littattafan da ke Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato zai ga baƙi da ja da rawaya ne suka mamaye shafi. Kowane launi da aikinsa: wasali da ja, hamza da rawaya, alifin sadarwa da kore. Wata Ba'amurkiya masaniyar adana littattafai, Michaelle Biddle, ta wallafa bincike a 2011 kan tawadar littattafan arewacin Najeriya, inda ta yi bayanin yadda ake haɗa ta daga itatuwa da ƙasa da ma'adinai. Jar ƙasa da rawayar ƙasa ba sa ƙyalli, amma ƙarni biyu ba ya canza su.

Abin da ke cikin kwalba

Fentin da ake kira ruwan gwal a kasuwa babu zinari a cikinsa. Iri biyu ne suka fi yawa, kuma bambancinsu ya fi na sunan kamfani muhimmanci.

Na farko garin tagulla ne, haɗin jan ƙarfe da tutiya. Shi ya fi kama da zinari ranar da aka shafa shi, yana kuma rufe takarda da shafa ɗaya. Idan jan ƙarfen ya yi yawa sai launin ya yi ja-ja, idan tutiyar ta ƙaru sai ya yi haske. Amma tagulla ba ta jure danshi. Bayan wasu damuna sai ta dushe, ta koma ƙasa-ƙasa ko tsanwa, jan ƙarfen kuma ya riƙa cin takarda sannu a hankali har wurin ya yi rauni ya fashe. Masu gyaran tsofaffin littattafai a ɗakunan karatu na duniya sun san wannan cuta sosai. Ga littafin da ba a ɗinke ba, wanda ganyayensa ke kwance kan juna cikin gafaka, tabon yakan tsallaka zuwa shafin da ke maƙwabtaka da shi.

Na biyu ana yin sa ne da wani dutse mai sheƙi da ake kira maika, wanda ake niƙawa a lulluɓe shi da sinadarai masu ba da launi. Ƙyallinsa bai kai na tagulla ƙarfi ba, yakan kuma buƙaci shafa biyu, ko a fara shimfiɗa rawaya a ƙarƙashinsa. Sai dai ba ya tsatsa. Fentin azurfa shi ma haka ne: ko maika, ko garin alminiyom.

Akwai kuma batun abin da aka kwaɓa garin da shi. Mai ruwa yana zama a kan takarda lafiya. Mai ƙamshin fetur, irin na masu rubutun allunan talla, yakan ratsa takardar ya bar zoben maiƙo a bayanta.

Ba masu zayyana kaɗai ke wannan fama ba. A Turai da Amurka, masu sha'awar shafa wa ƴan ƙananan gumakan wasa fenti sun shiga ruɗani a 2012, lokacin da kamfanin Games Workshop na Ingila ya sauya jerin fentinsa na Citadel gaba ɗaya. Mithril Silver ya ɓace, Runefang Steel ya maye gurbinsa. Tun daga nan suke ta tsara jadawalin da ke gwada launin wannan kamfani da na wani, kamar Vallejo na Sifen. Jadawalin yana nuna kusancin launi ne kawai, ba ya nuna girman ƙwayar garin, alhali ita ke sa wani fenti ya yi santsi wani ya yi ƙyalƙyali kamar yashi.

Saboda haka gwaji a hannu ya fi dogaro da suna. A shafa tsohon da sabon gefe da gefe a kan guntun takardar da ake aikin da ita, a bari su bushe, a duba su a rana da kuma a inuwa, a juya bayan takardar. Idan ba su dace ba, gara a sauya launin daga farkon wani izu, a maimakon tsakiyar shafi inda ido zai kama bambancin nan take.