Gargaɗi ga jama'ar Birnin Lalle: lambar da ta fito a waya ba shaida ba ce

Jama'ar Birnin Lalle da ƙauyukan kewaye, iyaye da ƴan'uwa, a saurara, wanda ya ji kuma ya gaya wa wanda bai ji ba. Ƴan damfara suna iya kiran mutum da lambar da ba tasu ba. Waya za ta yi ƙara, ka duba ka ga lambar gida Nijar, ko ta kamfanin waya, wani lokaci har sunan wanda ka ajiye da hannunka, alhali mai maganar yana can wata ƙasa.

Kiran da ya biyo ta intanet, mai kiran ne ke rubuta lambar da yake so ta bayyana, kamar yadda mai aika wasiƙa ke rubuta sunan da ya ga dama a bayan ambulan. Layukan da kiran ya ratsa sukan miƙa lambar yadda suka karɓe ta, wayarka kuwa ba ta bincike. In lambar ta dace da wadda ke ajiye, sai ta ɗora mata suna. Amurka ta wajabta wa manyan kamfanoninta tantance lambar mai kira tun 2021, Faransa ta bi sahu a 2024, amma ko a can abin bai ƙare ba.

Inda ya fi ta da mini hankali shi ne gidajen da ke da ɗa a ci-rani, a Agadas ko Libiya ko Aljeriya ko Kano. Za a kira tsoho da dare a ce ɗansa yana asibiti, ko an tsare shi a hanya, a tura kuɗi ta Nita ko Amana yanzun nan, kada a gaya wa kowa. Uwa ta ji haka, ina za ta tsaya tunani? Kafin gari ya waye an sayar da akuya, an taɓa hatsin rumbu. Gaggawa da ɓoyo su ne alamar maƙaryaci. Ka katse, ka nemo lambar ɗanka da kanka ka kira shi, domin kiran da kai ka yi wurin mai lambar na gaskiya yake zuwa. In ba ta shiga ba, nemi abokin tafiyarsa. In sun sake kira, yi musu tambayar da ɗan gida kaɗai ya san amsarta. Kada ka dogara da murya, yanzu akwai na'urar da ke kwaikwayonta.

Wasu kuma su ce daga Airtel suke, ko Moov Africa, ko Zamani, ko Niger Telecoms, wai ka ci kyauta, ko za a rufe layinka. Ba ma'aikacin kirki da zai nemi lambar sirrin asusunka. Haka lambobi 6 da WhatsApp ke turowa ta saƙo: ka karanta wa wani, ya ƙwace shafinka, ya shiga roƙon danginka kuɗi da sunanka da hotonka. A sa yara masu ido a waya su kunna wa iyaye tabbatarwa mai mataki biyu, da wurin da ke hana kiran baƙuwar lamba yin ƙara.

Baƙuwar lambar waje da ta yi ƙara sau ɗaya ta katse, kada a bi ta. Akwai masu cinye kuɗin kati cikin ɗan lokaci.

Wanda aka riga aka cuta, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya ajiye saƙonni da takardar turin kuɗi, ya koma wurin da ya tura nan take ko ba a kai ga cirewa ba, sannan ya kai ƙara wurin jandarmomi ko ƴan sanda a Dakoro. Nijar na da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019, kuma ARCEP ce hukumar da ke sa ido kan kamfanonin waya.

Muna roƙon limamai su faɗi wannan bayan sallar Juma'a, masu gari su sa a yi shela. Ku kuma masu shagon tura kuɗi, in dattijo ya zo a ruɗe waya a kunne, ku zaunar da shi, ku kira masa ɗan nasa kafin ku karɓi ko dala.