Kafin Ka Sayar Da Dutse, San Abin Da Ke Hannunka

A farkon shekarar 2020 aka nuna wani fim na zane a Japan mai suna The Case Files of Jeweler Richard, kashi 12, wanda aka ɗauko daga littattafan marubuciya Nanako Tsujimura. Babu faɗa a ciki, babu tsere da mota. Wani masanin duwatsu masu daraja ne, Richard, yake zaune a shagonsa na unguwar Ginza a Tokyo tare da yaronsa Seigi, mutane na kawo musu zobe ko sarƙa a duba. Labarin farko na zoben kakar Seigi ne, mai yakutu ruwan hoda, wanda ashe sato shi ta yi tun tana yankan aljihu, jikan kuma ya tashi neman mai shi. Abin da ya fi jan hankali a fim ɗin shi ne Richard yakan faɗa wa mutum gaskiyar dutsensa, ko da gaskiyar ba za ta kawo masa ciniki ba.

Irin wannan mutum ne muka rasa a nan Zamfara. Daga Morai zuwa Talata Mafara, Bakura da Maradun, wuya ka sami garin da ba a san wani matashi da ya taɓa zuwa haƙar zinariya a dazukan Anka, Maru ko Bukkuyum ba. Mata kuma 'yan kunne da sarƙar gwal su ne asusunsu, ranar da asibiti ko biki ya taso sai a kwance ƙulli a nufi kasuwa. Matsalar ita ce wanda zai duba kayan, shi ne zai auna, shi ne zai yanke kuɗi, shi ne kuma zai saya. Ba cewa ake duk dillali macuci ne ba. Amma an ba kura ajiyar nama, sai dai a yi fatan ta ji tsoron Allah.

Alhali farkon ilimin nan bai fi ƙarfin kowa ba. Ɗauki zinariya. Nauyinta ya ninka na ruwa sau 19 da ɗoriya, shi ya sa take kwanciya a gindin kwano idan ana wankin ƙasa. Akwai wani dutse mai ƙyalli da ke yaudarar sabon shiga, ana ce masa firit, nauyinsa bai wuce ninki biyar na ruwa ba. Sa masa guduma, zai farfashe ya zama gari, ita kuwa zinariya sai dai ta baje. Goga shi a bayan fasasshen tangaran, baƙin layi zai bari, zinariya kuma rawaya. Game da sarƙa, karat 24 shi ne tsantsa, karat 18 na nufin kashi uku cikin huɗu ne zinariya, saura gauraye. Kada a ruɗe da karat na awon duwatsu, shi nauyi ne, guda biyar ke yin giram ɗaya. Matar da ta san nauyin sarƙarta da karat ɗinta kafin ta bar gida, ta riga ta ci rabin ciniki.

Duwatsu masu launi sun fi wuyar sha'ani. Tun 1812 wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya jera ma'adinai bisa tauri daga 1 zuwa 10: daimon ne na 10, yakutu na 9, farar ƙanƙarar dutse ta 7, kwalba kuwa ba ta kai 6 ba. Don haka ƙanƙarar dutse tana karce kwalba, amma ba ta iya taɓa yakutu. Masu sana'ar suna da ɗan madubin hannu mai ƙara girma sau goma. Idan suka leƙa suka ga kumfa zagayayye a ciki, yawanci kwalba ce aka rina. Yakutun ƙasa sau da yawa yana ɗauke da siraran zare kamar siliki. Wato ɗan aibin da mai haƙa ke jin kunyarsa, wani lokaci shi ne shaidar cewa dutsen na asali ne, domin tun wajen 1902 ake ƙera yakutu a masana'anta a Faransa, kusan tas babu tabo.

Ƙasar nan tana da kayan. Akwai shuɗin yakutu a tsaunin Mambila na Taraba da yankin Jama'a a kudancin Kaduna, akwai zumurrudu a wajen Nasarawa Eggon. Mafi yawansu ɗanye suke fita zuwa Bankok, can a gasa, a yanka, a goge, a sa musu farashin da mai haƙa ko a mafarki bai taɓa jin irinsa ba.

Rashin sanin dutse a Zamfara bai tsaya ga asarar kuɗi ba. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya har Bagega. Duwatsun da ake kawowa gida ana niƙawa a tsakar gida don fitar da zinariya cike suke da dalma, yara suna shaƙar ƙurar, suna wasa a cikinta. Sama da yara 400 suka rasu. Gwajin da ya tona asirin dutsen bai zo ba sai da aka cika maƙabarta.

Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a 2019, ta ɗage hanin a Disambar 2024. Tunda aiki ya dawo, ya kamata ƙungiyoyin masu haƙa da hukumomin jiha su samar da wurin gwaji a manyan kasuwanni, inda mai dubawa zai karɓi ladan dubawa kawai, ba ya saye, ba ya dillanci. Kafin a kai ga haka, ɗan'uwa, kada ka niƙa dutse inda yara ke kwana, kuma kada ka sallama kayanka a shagon farko. Kai su wuri biyu ko uku a auna a gabanka, ka rubuta nauyin da hannunka.