Yadda ake sa jaririn kifin shak ya fara cin abinci

Kifin shak da aka fi kiwo a tankin gilashi shi ne wanda ake kira bambu, ɗan asalin tekun Indonesiya, Filifins da arewacin Ostiraliya. Ƙwansa ake saye, mai tauri kamar jakar fata, kuma yakan ɗauki wata 3 zuwa 4 kafin ya ƙyanƙyashe. Jaririn yakan fito da tsawon kusan santimita 15, jikinsa zane-zane, baƙi da fari.

Daga nan hankalin mai kiwo ke tashi: a sa masa abinci, ko kallo ba ya yi. Yawanci lafiyarsa ƙalau. Akwai sauran gwaiduwa a cikinsa, ita ke riƙe shi na 'yan kwanaki, wani lokaci har fiye da mako.

Wannan kifi da dare yake kiwo, kuma da hanci yake farauta. Shi ya sa gwanaye ke rage haske, su yanka ɗanyen jatan lande ƙanana-ƙanana, su soke a tsinke, su kai daf da 'yan gashin bakin nan nasa masu kama da na tarwaɗa, suna motsa shi a hankali. Idan ya kau da kai, sai a ƙyale shi zuwa gobe. Tsokanarsa da tsinke tsoro kawai take ƙara masa. In ya dage, jatan lande mai rai yakan ta da masa sha'awa.

Abin da bai ci ba a kwashe nan take, domin yana ruɓewa ya ɓata ruwa. Ƙasan tankin kuma yashi mai laushi ya kamata, tsakuwa tana kuje masa ciki.